Sitirin, Dutsen da Wuta Ke Rinawa

Hajiya Binta: Assalamu alaikum, masu saurarenmu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan shiri da muke kawo muku daga birnin Jos. Yau za mu tattauna ne a kan wani dutse mai launin ruwan ɗorawa da ake kira sitirin, wanda a 'yan shekarun nan ya yawaita a hannun masu sayar da zobba da sarƙoƙi da 'yan kunne, musamman waɗanda ke tallata hajarsu ta Instagram da WhatsApp. Tare da ni akwai Malam Isa, wanda ya karanci ilimin duwatsu da ma'adinai kuma yake koyar da shi, sai kuma Alhaji Garba, wanda ya daɗe yana saye da sayar da duwatsu masu daraja a wannan gari. Malam, bari mu fara da kai. Wane irin dutse ne wannan, kuma daga wane dangi ya fito?

Malam Isa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sitirin ɗan gidan kwaz ne, wato farin dutsen nan mai ƙyalli da kowa a Filato ya saba takawa a gona da bakin rafi ba tare da ya waiwaye shi ba. Kwaz haɗi ne na sinadarai biyu, silikon da iskar oksijin, kuma in aka cire wani ma'adini da ake kira felsifa, babu wanda ya kai shi yawa a ɓawon ƙasar da muke zaune a kai. Yawancin yashin da muke gini da shi ɓarɓashinsa ne. Idan ya samu sarari a cikin kogon dutse ya girma a tsanake, yakan fito da gefe shida da tsini a kai, garai-garai ba launi. To idan wani ɗan sinadari ya kutsa cikinsa a lokacin da yake girma, sai launi ya bayyana. Wanda ya fito shunayya shi ne ametis, wanda ya yi duhu-duhu mai kama da hayaƙi ana kiransa kwaz mai hayaƙi, wanda kuma ya fito rawaya, tun daga mai haske har zuwa mai ruwan goro, shi ne sitirin. Jiki ɗaya ne, launi ne kawai ya raba su.

Alhaji Garba: Ina so in tsoma baki a nan, Malam, domin kada masu saurare su ɗauka wannan dangi baƙo ne a ƙasar Hausa. Dutsen aƙiƙ da dattawanmu ke sa wa zoben azurfa ɗan wannan gida ne. Haka shi ma jan dutsen lantana, wanda fatakenmu suka riƙa kaiwa Ilori a da, inda masu sana'a ke huda shi su goge shi ya zama dutsen ado na sarakuna da manyan mata. Bambancin kawai shi ne, waɗancan haske ba ya ratsa su sosai, shi kuwa sitirin mai kyau kana ɗaga shi kana hango yatsanka ta cikinsa.

Hajiya Binta: To me ke kawo rawayar, Malam? Na ji masu talla suna cewa hasken rana ne ya taru a cikinsa.

Malam Isa: Wannan zancen talla ne, Hajiya, rana ba ta da hannu a ciki. Abubuwa biyu ne ke kawo launin. A wasu duwatsun, ɗan ƙarfe ne ƙalilan da ya shiga jikin kwaz ɗin. A wasu kuma alminiyam ne ya shiga, sannan tururin rediyeshon, wato wani haske mai ratsa abubuwa wanda ido ba ya gani, da ke fita daga duwatsun da ke kewaye ya yi ta ratsa shi shekaru aru-aru har launin ya kama. Amma abin da nake so kowa ya riƙe daga wannan shiri shi ne, sitirin da ya fito daga ƙasa da rawayarsa ta asali ba shi da yawa a duniya. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna, a shagunan Abuja ne ko na Dubai ko na Landan, ametis ne da aka gasa a wuta, ko kuma kwaz mai hayaƙi da aka ɗumama. Idan aka sa ametis a tanda aka kai zafin wajen digiri 450 zuwa sama da 500 a ma'aunin Salshiyas, shunayyar takan gushe, rawaya ta maye gurbinta, kuma gwargwadon ƙaruwar zafin gwargwadon yadda launin ke nuna, yana komawa ruwan lemo har ya kai ja-ja mai ruwan ƙasa. Masu gashin suna taka-tsantsan ƙwarai, saboda a daidai digiri 573 tsarin cikin kwaz yana sauyawa, ya ɗan kumbura farat ɗaya, kuma a nan ne duwatsu da yawa ke tsagewa. Shi ya sa suke binne su cikin yashi, su ɗaga zafin a hankali, su kuma bar su su huce a hankali.

Hajiya Binta: Ke nan, Alhaji, wadda ta sayi zobe da sunan sitirin, aka ba ta gasasshen ametis, an cuce ta ke nan?

Alhaji Garba: A'a, Hajiya, a nan ne mutane ke ruɗewa, kuma a nan ne nake yawan jayayya da abokan sana'ata. Gyaɗar da aka soya ba ta fita daga gyaɗa ba. Dutsen da aka gasa dutse ne na gaske, daga ƙasa aka haƙo shi, taurinsa bai ragu ba, launinsa kuma ya zauna daram, ba ya wankewa. Kasuwar duniya ta amince a kira shi sitirin. Inda cuta take shi ne a ɓoye wa mai saye cewa wuta ta taɓa shi, a ce masa haka ya fito daga rami, sannan a karɓi kuɗin wanda ba a gasa ba. Wannan algus ne, kuma mun san matsayin algus a addini, tunda hadisi ya inganta cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Idan na ce maka ga dutse, gasasshe ne, ga farashinsa, ka gani kana so ka biya, ciniki ya halatta, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin takaicin shi ne, da yawa daga cikin yaran da ke tallar nan a waya ba ma ƙarya suke yi da gangan ba. Su ma haka aka faɗa musu a inda suka saro, ba su taɓa riƙe na asali a hannunsu ba balle su san bambanci.

Malam Isa: Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Kuma akwai na uku da ya kamata a ambata. Akwai wani mai rawaya da ɗan kore-kore, irin launin lemon tsami, wanda ake samarwa ta hanyar haska farin kwaz da rediyeshon a ma'aikata sannan a ɗumama shi. Ba ya cutar da mai sa shi, domin irin rediyeshon ɗin da ake amfani da shi, wanda ake kira gama, ba ya barin komai a jikin dutsen, amma shi ma haƙƙin mai saye ne a gaya masa.

Hajiya Binta: To ta yaya mutum zai gane gasasshe daga wanda ba a gasa ba? Alhaji, kai da idonka ya saba.

Alhaji Garba: Idan dutsen yana nan yadda ya fito, ba a yanka shi ba, abin da sauƙi. Gasasshen ametis yakan zo ne a curi, ƙananan tsinaye jere a kan faranti guda, gindinsu fari fat, kawunansu kuma sun yi ruwan lemo mai ƙarfi, wani lokaci har da alamar ƙuna. Duk inda ka ga farin gindi da jan kai a irin wannan curi, to ka san ya shiga tanda. Na asali kuwa launinsa a sanyaye yake, rawaya mai laushi, sau da yawa da ɗan hayaƙi a ciki, kuma launin ya bi jikin dutsen gaba ɗaya daga gindi har tsini, ba ya taruwa a kai kawai. Yakan zo da dogon jiki ɗaya, ba tarin ƙananan haƙora ba. Amma idan an riga an yanka an goge an ɗora a zobe, duk wanda ya ce maka da ido kawai zai yanke hukunci ba kuskure, yana cika baki ne. Ni kaina a irin wannan hali, in dutsen babba ne kuma kuɗin da yawa, sai na nemi mai na'ura.

Malam Isa: Kuma na'urar tana da abin da take dubawa. Sitirin na asali yakan nuna launi biyu masu ɗan bambanci idan aka kalle shi ta fuskoki daban-daban da wani ɗan madubi na musamman, shi kuwa gasasshen ametis ba ya nuna hakan. Sai dai ni a ganina, Hajiya, ga mai sayen zobe ɗaya ko sarƙa ɗaya, wannan ba shi ne babban abin tsoro ba. Babban abin tsoro shi ne kwalba. Ana narka gilashi mai launi a yanka shi, a sayar da sunan dutse. A nan ne tauri ke aiki. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin tauri a shekarar 1812, daga 1 zuwa 10, inda kowane ma'adini ke iya kartar wanda ke ƙasa da shi. Daiman ne a 10, safaya da yaƙutu a 9, tofaz a 8, kwaz da duk danginsa a 7, gilashin taga kuma wajen 5 da rabi. Saboda haka sitirin yana kartar gilashi, wuƙa kuma ba ta kama shi. Ban ce a je ana kartar kayan mutane a shago ba. Akwai hanyoyin da ba sa ɓarna. Idan ka duba da madubin ƙara girma ka ga 'yan ƙwayoyin iska zagayayyu a ciki, gilashi ne. Idan ka ɗora a kumatu, dutse yakan daɗe da sanyinsa, gilashi kuwa nan da nan yake ɗaukar ɗumin jiki. Gefen yankan gilashi kuma yakan dakushe da wuri.

Hajiya Binta: Ka ambaci tofaz, Malam. Na sha jin ana haɗa sunayen biyu, har wasu na cewa abu ɗaya ne.

Malam Isa: Ba abu ɗaya ba ne ko kusa, kuma wannan ruɗani ya daɗe. Shekaru masu yawa 'yan kasuwar Turai suna sayar da sitirin da sunaye irin su tofaz na Madera ko tofaz na Bahiya, don kawai sunan tofaz ya fi tsada a kunne. Ƙungiyar masu kayan ado ta duniya, CIBJO, ba ta yarda a laƙaba wa dutse sunan wani dutse ba. Tofaz ma'adini ne dabam, akwai alminiyam da fulorin a jikinsa. Ya fi tauri, ya kuma fi nauyi, domin nauyin kwaz ya ninka na ruwa sau 2.65, na tofaz kuwa kusan sau 3.5. Idan ka riƙe guda biyu masu girma ɗaya, hannunka zai gaya maka. Sannan tofaz yana da tsagi na halitta, in ya bugu ta wani ɓangare sai ya rabe sumul a miƙe, alhali kwaz ba shi da wannan tsagi, fashewarsa a lanƙwashe take. Abin da ya ƙara cakuɗa su shi ne, a al'adar Turawa ta ware wa kowane wata dutsensa, su biyun aka ba watan Nuwamba.

Alhaji Garba: Wannan batu na nauyi, Malam, iyayenmu masu wankin kuza sun san shi tun kafin mu san sunayen boko. Kuza ta ninka ruwa nauyi kusan sau 7. Idan mace ta ɗebi ƙasa a ƙwarya ko a kwanon sarki tana juyawa a ruwa, farin yashi da tsakuwar kwaz su ne ke fara fita, kuza ta kwanta a ƙasa, shi kuwa tofaz yakan maƙale a tsakani saboda nauyinsa. A wuraren Bukur da Barikin Ladi da Rafil, lokacin da kamfanonin Turawa ke aiki, kuza da kwalambait kawai ake nema, sauran duk tarkace ne a idonsu. Bayan da farashin kuza ya faɗi a duniya a 1985, mutane da yawa da na sani suka juya ga duwatsu masu daraja, kuma Jos ta zama mahaɗa. Ana kawo akwamarin da tomalin daga wajen Keffi da Nasarawa Eggon, safaya daga tsaunin Mambila da kudancin Kaduna, ametis daga Bauchi da Kaduna, tofaz kuma daga nan gida. Baƙi daga Mali da Senegal da Gini suna zuwa su saya su wuce da shi.

Hajiya Binta: Amma shi sitirin ɗin da ke kasuwannin duniya, daga ina mafi yawansa ke fitowa?

Malam Isa: Barazil ce uwa a wannan harka. A kudancin ƙasar akwai jihar Rio Grande do Sul, inda aman wuta ya malala kimanin shekaru miliyan 130 da suka wuce. Da narkakken dutsen ke sandarewa, iska ta bar koguna, wato ramuka, a cikinsa, daga baya ruwa mai ɗauke da silika, wato sinadarin da ke zama kwaz, ya riƙa tsattsafowa, ametis ya tsiro a bangon kogunan. Wasu kogunan sun fi mutum tsawo. Akwai ma gari sukutum da ake kira Ametista do Sul, wanda rayuwarsa ta dogara ga wannan haƙa, kuma irin wannan dutse ya tsallaka iyaka zuwa yankin Artigas na ƙasar Yurugai. Ametis mai kyan launi ana sayar da shi yadda yake, wanda launinsa ya koɗe kuwa shi ake kaiwa tanda, ya fito da sabon suna da sabon farashi. Na asali kuma ana samunsa a jihar Minas Gerais ta Barazil ɗin, da Madagaska, da Zambiya, da Kwango, da tsaunukan Ural na Rasha, da yankin Salamanka na Sifen. Akwai kuma wani abin mamaki a gabashin Bolibiya, a mahaƙar Anahi, inda ake samun dutse ɗaya rabinsa shunayya rabinsa rawaya, ametis da sitirin a jiki guda, ana kiransa ametirin.

Alhaji Garba: Kuma ka san yadda Barazil ta haɗu da kasuwa, Malam, darasi ne gare mu. A Jamus akwai wani ƙaramin gari, Idar-Oberstein, wanda mutanensa suka gaji yankan dutse kaka da kakanni. A ƙarni na 19 dutsen yankinsu ya ja baya, wasunsu suka yi ƙaura zuwa kudancin Barazil, suka tarar da aƙiƙ da ametis jibge, suka riƙa turawa gida. Garin da ba shi da sauran abin haƙa ya ci gaba da cin arzikin dutse saboda hannu da ido. Yau ga Jaifur a Indiya, ga Bankok a Tailan, duk da yanka suka yi suna. Mu kuwa har yanzu yawancin kayanmu ɗanye muke fitarwa. Muna sayarwa da giram ko da kilo, su kuma su yanka su sayar da karat, alhali karat 5 ne ke cika giram 1. A dutse irin sitirin, wanda ɗanyensa ba shi da tsada, kusan duk darajar tana hannun mai yanka ne. Shi ya sa nake gaya wa matasa, wanda zai koyi yankan dutse, da dangin kwaz ya kamata ya fara, domin yana samuwa da girma, yana da tsabta, ba shi da tsagin da zai ba ka kunya a kan faifan goge dutse, kuma in ka ɓata guda ɗaya ba ka karye ba. Ga Cibiyar Nazarin Haƙar Ma'adinai da Kimiyyar Ƙasa a nan Jos, ga sashen ilimin duwatsu a Jami'ar Jos, bai kamata a ce garin da ke da waɗannan yana aika dutse ƙetare don a goge masa ba.

Hajiya Binta: Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, Alhaji, ga shi kuma kana cewa dutsen ba shi da tsada.

Alhaji Garba: A wannan karon karin maganar ba ta ci ba, Hajiya. Arahar sitirin daga yawansa ta zo, ba daga muni ba. A shekarun 1920 da 1930 manyan gidajen kayan ado na Turai sun yi ta ɗora manya-manyansa a mundaye da sarƙoƙi, saboda ana samun guda mai girma wanda ba ɗigo a cikinsa. Kafin nan ma mutanen Sikotilan suna ƙawata ƙotar wuƙaƙensu da maɓallan tufafinsu da kwaz mai hayaƙi da rawaya daga tsaunukan Cairngorm, abin da ya ƙara yaɗuwa a zamanin Sarauniya Biktoriya. A wajenmu kuma launinsa yana shiga da gwal ga mata, yana kuma fitowa fes a kan azurfa ga maza. Abin da nake dubawa in zan saya shi ne, launin ya bazu daidai, ba tsaga, ba gajimare, sannan yankan ya dawo da haske ido. Idan ka kalli dutse ta sama ka hango abin da ke ƙarƙashinsa ta tsakiya, mai yankan ya yi rowar zurfi, kuma dutsen zai zama matacce a zobe komai kyan launinsa.

Hajiya Binta: Yanzu mu zo kan abin da ya fi jawo tambayoyi daga masu saurare. Masu talla suna kiransa dutsen 'yan kasuwa. Suna cewa in ka ajiye shi a aljihun teburin shago yana jawo ciniki, yana korar baƙin ciki, har wasu na jiƙa shi a ruwa su sha. Kuma suna kafa hujja da cewa kimiyya ta tabbatar kwaz yana da wuta a jikinsa. Malam, ina gaskiya take?

Malam Isa: Sun ɗauki gaskiya ƙarama sun ɗora mata kayan da ba nata ba. A shekarar 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa idan aka matse kwaz yakan fitar da ɗan ƙaramin cajin lantarki, daga baya kuma aka tabbatar da cewa in aka ba shi lantarki yakan motsa. Wannan gaskiya ne, kuma a kansa aka gina agogon batir. A cikin agogon hannu akwai wani ɗan siririn yanki na kwaz da ke karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya, na'ura tana ƙirgawa tana fitar da daƙiƙa. Kamfanin Seiko na Japan ne ya fara sayar da irin wannan agogon hannu a 1969. Rediyo da kwamfuta da sauran na'urori masu yawa suna dogara da irin wannan yanki wajen daidaita lokaci. Amma a lura da abu biyu. Na farko, kwaz ɗin da ake sawa a na'urori ba sitirin ba ne, fari ne tas da ake renonsa a ma'aikata cikin tukwanen ƙarfe masu tsananin zafi da matsi, domin ɗan ƙarfen da ke ba dutse launi aibi ne a wurin injiniya. Na biyu, dutsen da ke zaune a aljihun tebur babu mai matsa shi, babu batir a jikinsa, saboda haka ba ya fitar da komai. Babu wani bincike ingantacce da ya nuna yana warkar da cuta ko yana ƙara kuɗi. Jiƙa shi kuma aikin banza ne, tunda kwaz ba ya narkewa a ruwan sha, abin da za ka sha kawai shi ne dattin da ke jikinsa. Kuma tunda na ambaci renon kwaz, a sani cewa ta wannan hanya ana ƙera sitirin ma a ma'aikata, wanda taurinsa da nauyinsa daidai suke da na ƙasa, sai ƙwararren ɗakin gwaji ke iya raba su.

Alhaji Garba: Ni da nake kwana da buhunan duwatsu a shago, da yana kiran kuɗi da ba ni da sa'a a garin nan. Akwai wata baiwar Allah da ta zo wurina tana neman dutsen kasuwa, wai wani ya ce mata shagonta ba zai tashi ba sai da shi. Na ce mata in ado take so ga shi, in kuwa arziki take nema ba a hannun dutse yake ba, kuma ta tambayi malamai hukuncin rataya zuciya ga abin da ba ya amfanarwa ba ya cutarwa. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, irin waɗannan masu talla suna ninka farashin gasasshen dutse sau da yawa saboda labarin da suka ɗora masa, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne ke faɗawa.

Malam Isa: Akwai ma wata cutarwa ta zahiri da ba a cika magana a kanta ba, Hajiya, kuma ta shafi masu aiki ne ba masu ado ba. Ƙurar kwaz idan ta yi laushi ta shiga huhu ba ta fita. Tana taruwa tana sa huhu ya yi tabo, numfashi ya riƙa gajarta, kuma cutar da ake kira silikosis ba ta da maganin da ke mayar da huhu yadda yake, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Duk mai fasa dutse a rami, da mai niƙa shi, da mai goge shi a faifai, wajibi ne ya yi aiki da ruwa yana zuba, ya kuma rufe hanci da abin kariya na gaske, ba ƙyalle ba. Haka kuma doka ta tanadi cewa haƙa sai da lasisi. Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007 ita ke aiki, ofishin rajistar filayen ma'adinai da ke Abuja kuma shi ke bayar da izini, har da na ƙananan mahaƙa.

Hajiya Binta: To wadda ta riga ta mallaki zobe ko sarƙa, yaya za ta kula da shi, musamman a irin ƙurar hunturun da muke sha a Jos?

Malam Isa: Tambayar ta dace da wurin, domin ƙurar hunturu kanta akwai ɓarɓashin kwaz da yawa a cikinta, wato taurinsu ɗaya da dutsen. Idan aka goge zobe a bushe da ƙura a kansa, a hankali ƙyallin zai dushe. A fara ɗauraye shi da ruwa mai ɗumi da sabulu, a bi bayansa da tsohon buroshin haƙori mai laushi, sannan a tsane da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba shi a gwangwani ɗaya da safaya ko daiman ko tofaz, domin za su karce shi, shi ma kuma zai karce gwal da azurfa da murjani. Kada a bar shi kullum a rana mai zafi, irin gaban mota ko bakin taga, saboda wasu sukan koɗe. Kuma ba ya son a fitar da shi daga zafi a tsoma a sanyi farat ɗaya.

Alhaji Garba: In ƙara da guda ɗaya da na sha ganin ya jawo rigima tsakanin mata da maƙeran fari. Idan zobe ya matse ko ya karye aka kai gyara, a ce wa maƙeri ya cire dutsen kafin ya kusanto da wuta. Harshen wutar da ake liƙin azurfa da gwal da shi ya zarce digiri 573 ɗin da Malam ya ambata nesa ba kusa ba, kuma cikin ɗan lokaci dutsen zai tsage ko launinsa ya sauya ya koma fari-fari. Maƙerin da ya san aikinsa zai buɗe 'yan faratan da ke riƙe da dutsen, ya ajiye shi gefe, ya gama liƙinsa, ƙarfen ya huce, sannan ya mayar. Kuma a auna dutsen a ɗauki hotonsa a gaban juna kafin a rabu, domin sitirin ɗin da ke yawo a kasuwa suna kama da juna ƙwarai.

Hajiya Binta: Malam Isa, Alhaji Garba, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu saurare, a nan za mu dakata, sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, inda za mu ɗauki batun safayar Mambila. Wassalamu alaikum.